RA'AYINMU: KOWACE WAYA DA IYAKAR KAYAN DA TAKE ƊAUKA

Duk wanda ya bi babbar hanyar da ta taso daga Gidan Rumji, ta ratsa Tsibiri da Maraɗi, ta wuce Cadawa da Agiye har Gazawa, zai ga cewa sana'a ta sake kama a ƴan shekarun nan. Zauren da a da ake shimfiɗa tabarma a cikinsa don karɓar baƙi ya koma ofis. An girke kwamfuta da injin buga takarda, a gefe ga injin fotokofi da na liƙa wa takarda leda, a bango ga allon cajin wayoyin mutanen ƙauye, wani kuma ya haɗa har da wakilcin aika kuɗi. Cikin gida ma uwargida ba ta zauna ba, domin firigonta na ƙanƙara da zoɓo da lamurje shi ne cefanen gidan, shi ne kuma kuɗin makarantar yara. Wannan ci gaba ne da ya kamata a gode wa Allah a kansa.

Sai dai mun san yadda ake tara irin wannan jari. Wata adashe ta zuba shekara guda kafin kwasarta ta zo. Wata daga asusun Mata Masu Dubara ta ranta, tsarin nan da aka soma a nan jihar Maraɗi a 1991 kafin ya bazu zuwa ƙasashe da dama. Wani ayarsa da gyaɗarsa ta damina ya sayar, wani tunkiyar da ake kiwo don layya. Amma abin takaici, dukiyar da aka yi shekara ana haɗawa tana iya salwanta cikin ƙiftawar ido: a ɗauke wuta, a dawo da ita, a ji ƙara tas, sai warin roba ya tashi. Daga nan sai zaman jiran mai gyara, sai bashi, sai a ce ƙaddara ce.

Babu mai musun ƙaddara, amma malamanmu sun sha faɗa cewa dogaro ga Allah yana tafiya tare da ɗaukar matakin tsaro. Wannan jarida tana ganin cewa kaso mai yawa na asarar nan ana iya kauce masa da lissafin da bai fi wanda kowace mai tallar tumatir take yi kullum wuya ba. Babu mai amalanken da zai ɗora wa sansa kayan da ya san zai durƙusar da shi, kuma babu mai awon da zai zuba tiya biyu a kwanon tiya ɗaya. To ita ma waya tana da iyakar kayan da take ɗauka, bambancinta da sa kawai shi ne ba ta nishi, sai dai ta yi zafi a ɓoye har ranar da za ta kama.

Kafin mu zo ga lissafin, yana da kyau jama'a su san inda wutar da muke amfani da ita take fitowa. Kamfanin NIGELEC, wanda aka kafa a 1968, ya daɗe yana sayen mafi yawan wutar da yake rarrabawa daga Najeriya. Yamai da yammacin ƙasa suna samu ta layin Birnin Kebbi tun 1976. Mu kuwa nan tsakiya, wutarmu tana zuwa ne ta babban layi mai kilobolt 132 da ya taso daga Katsina ya sauka a tashar Gazawa, daga nan ya rabu, reshe ɗaya ya nufi Maraɗi, ɗaya ya nufi Damagaram. Wannan layi ya soma aiki a 1994. Ke nan duk abin da ya taɓa wutar arewacin Najeriya yana iya taɓa firigon da ke cikin gida a Agiye, kuma kowa ya ji yadda babban tsarin wutar Najeriya ya riƙa durƙushewa sau da dama a 2024.

Ba mu manta da abin da ya faru a watan Agusta na 2023 ba, lokacin da Najeriya ta yanke wa Nijar wuta saboda takunkumin ƙungiyar CEDEAO bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, alhali a lokacin kusan kashi 70 cikin 100 na wutar ƙasar daga can take zuwa. Ba a maido ta ba sai a watan Maris na 2024. A tsawon waɗannan watanni aka koma rabon wuta unguwa-unguwa, a kawo a ɗauke, kuma masu firigo da masu fotokofi sun san abin da suka ɗanɗana. Gaskiya ne ƙasa tana ƙoƙarin tsayawa da ƙafarta, ga tashar hasken rana ta Malbaza mai megawat 7 tun 2018, ga ta Gorubanda mai megawat 30 da ta soma aiki a ƙarshen 2023. Amma har yanzu kusan mutum ɗaya ne cikin biyar yake da wuta a Nijar, kuma a watannin Afrilu da Mayu, sa'ad da zafi kan haura digiri 40, buƙata takan fi ƙarfin abin da ake da shi.

Ɗan kasuwar Cadawa ba shi da iko da abin da ke faruwa a Katsina ko Gazawa. Ikonsa yana somawa daga mita, wadda muke kira kontar, zuwa cikin shago. Wannan ɓangare hakkin mai gida ne, kuma a nan ne mafi yawan sakaci yake.

Abu na farko shi ne mutum ya san ƙarfin wutar da ya yi rajista da shi. Yana rubuce a takardar kuɗin wuta ko a takardar da aka ba shi ranar da aka sa masa kontar. Ƙananan gidaje da shaguna galibi suna kan kilowat 3 ne, wato wat 3,000, na sama da su kilowat 6. Abu na biyu shi ne ya san abin da kowace na'ura take ci. A bayan kowace akwai ƴar takarda ko farantin ƙarfe da aka rubuta lamba tare da harafin W, wannan shi ne cinta. In harafin A aka rubuta, wato ampar, sai a ninka lambar da 220, domin wutar gidajenmu bolt 220 ce. Na'urar da aka rubuta mata ampar 5 tana cin wat 1,100 ke nan. Wanda bai iya karatun boko ba, ɗan makarantar da ke gidansa ya isa ya karanta masa.

A ƙiyasi, cajar waya tana cin wat 5 zuwa 25, ƙwan fitila na zamani 10 ko 15, fanka 50 zuwa 75, kwamfutar hannu ba ta cika wuce 90 ba, ta tebur da allonta kuwa 150 zuwa 300. Waɗannan duka masu ƙaramin ciki ne. Masu babban ciki su ne duk abin da ke yin zafi: dutsen guga, abin dafa ruwa, rishon lantarki, kowannensu daga wat 1,000 zuwa 2,000. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne injin fotokofi da injin buga takarda mai amfani da garin tawada su ma ƴan wannan gida ne, domin da zafi suke manna rubutu a takarda, shi ya sa takardar take fitowa da ɗumi. Babban injin fotokofi yana iya jan wat 1,000 zuwa 1,500. Firigo kuwa yana da nasa hali: a tafiya bai wuce 150 zuwa 300 ba, amma a lokacin tashi yana fizgar ninki uku zuwa biyar na hakan na ɗan lokaci.

Bari mu ɗauki misalin shago ɗaya irin wanda muke gani a bakin tasha. Kwamfuta 200, fotokofi 1,300, injin leda 400, fanka biyu 120, ƙwai uku 30, cajar waya ashirin 200, firigon uwargida 200. Jimla wat 2,450. Mai kilowat 3 ya riga ya kai inda ya kamata ya tsaya, domin ƙa'idar masu aikin wuta ita ce a bar kashi ɗaya cikin biyar a matsayin sarari, wato kada a zauna sama da 2,400 na tsawon lokaci. Da an jona dutsen guga mai 1,200 a cikin gida, lissafi ya koma 3,650, an wuce iyaka. Maganin a nan ɗayan biyu ne: ko a tsara aiki, ba a guga sa'ad da fotokofi ke aiki, ko kuma a je ofishin NIGELEC a nemi ƙarin ƙarfi, a kuma sake wayoyin ciki su dace da shi.

Haɗarin da ya fi wannan yana cikin ralonji, wato doguwar wayar nan mai ramuka huɗu ko shida da ake shimfiɗawa a ƙasa. Yawan ramukanta ba shi ne ƙarfinta ba. A bayanta an rubuta ampar 10, ko 13, ko 16. Mai 10 iyakarta wat 2,200, mai 16 kimanin 3,500, wannan ma in abin da aka rubuta gaskiya ne. Da yawa daga cikin masu arahar da ke yawo a kasuwanninmu, in aka yanka wayar sai a tarar da ƴan siraran zare, wani lokaci ma gorar ruwa ce aka shafa wa launin jan ƙarfe. Masu iya magana sun ce araha ba ta ado. Shagon da muka ba da misali da shi, in duk kayansa suna kan ralonji ɗaya mai ampar 10, to ya riga ya wuce iyakarta ko da kontar bai ce uffan ba. In kuma aka jona ralonji a jikin ralonji, duk nauyin yana komawa kan ta farko. Haka nan wadda aka bari a nannaɗe, ko aka tura ƙarƙashin tabarma ko buhunan kaya, ba ta samun iskar da za ta huce. Injin fotokofi da firigo kowanne ya cancanci piriz nasa a bango, da waya mai girman murabba'in milimita 2.5, ita kuwa mai 1.5 a bar ta ga fitilu.

Akwai kuma wata matsala ta mu mazauna bakin iyaka. Kayan da muke sarowa daga Kano da Katsina suna zuwa da kai mai ƙafa uku masu faɗi, irin na Ingila, alhali ramukan bangonmu zagayayyu ne irin na Faransa. Sai ka ga an tura kan da ƙarfi, ko an karya ƙafa ta uku, ko ma an yanke kan gaba ɗaya an cusa tsirarar waya an tokare ta da tsinken ashana. Duk inda haɗi bai kama da kyau ba, nan ne tartsatsi yake fita, nan ne roba take narkewa. Sauya kan da wanda ya dace aikin minti goma ne a hannun wanda ya iya.

Sannan ga dijontar, makunnin nan da ke faɗuwa da kansa in kaya sun yi yawa. Mutane suna jin haushinsa, wasu su ɗaure shi da zare, wasu su kira yaro ya tsallake shi, masu tsohon fis kuma su sa masa waya mai kauri don kada ya sake tsinkewa. Wannan daidai yake da mutum ya kori maigadi saboda ya tashe shi da dare ya ce ga ɓarawo. Faɗuwar dijontar saƙo ne cewa a rage kaya ko a binciki waya. Haka kuma al'adar nan ta shaguna biyar ko shida su ja wuta daga kontar ɗaya, waya ta bi saman rumfuna ta cikin zana da buhu da kwano mai kaifi, kowa yana ƙara abin da ya ga dama ba wanda ke riƙe da jimla. Ranar da ta kama, ba ta tambayar wane ne mai kontar.

Tarihi ya ishe mu wa'azi. Babbar kasuwar Yamai ta ƙone ƙurmus a 1982, sai a 1987 aka buɗe sabuwa, ta kuma sake yin gobara a 2009. Ƙaramar kasuwar Yamai ta ƙone a 2012. A watan Maris na 2016 kasuwar Sabon Gari ta Kano ta yi asarar shaguna fiye da 3,000 a dare ɗaya. A 2021 babbar kasuwar Sakkwato ta kama a watan Janairu, ta Katsina ta bi bayanta a watan Maris. A irin waɗannan masifu zargin farko yakan faɗa kan wayoyin wuta da injunan janareta, kuma galibi da dare ko da asuba abin yake tashi, lokacin da babu kowa a rumfa. Waɗannan birane suna da motocin kashe gobara kusa, duk da haka abin ya gagara. Ina ga kasuwannin ƙananan garuruwa masu rumfunan kara? In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Wannan ke nan game da yawan kaya. Saura ɓarnar da ke shigowa daga waje, ita kuma kala huɗu ce. Akwai bugun wuta na farat ɗaya, wanda tsawa ke haddasawa a damina, daga Yuni zuwa Satumba, ko kuma wanda kan biyo bayan maido da wuta. Bai kai ƙiftawar ido ba, amma yana iya kai dubban bolt, kuma ƙananan sassan cikin kwamfuta ba su jure shi. Akwai raunin wuta, lokacin da za ka ga ƙwai ya yi ja, fanka tana juyawa da ƙyar. Mutane suna ɗaukar wannan ba komai ba ne, alhali shi ne babban makashin firigo, domin injinsa yana ƙara jan wuta don ya cike gurbi har ya yi zafi ya ƙone. Akwai hauhawar wuta mai daɗewa, wadda kan faru in wayar da ake kira netur ta tsinke a kan layi, sai gidajen da ya kamata su samu 220 su samu abin da ya doshi 380, unguwa guda ta yi asara a lokaci ɗaya. Na huɗu shi ne ɗaukewar wuta ba zato, wadda ke ɓata aikin da ke cikin kwamfuta, wani lokaci har da lissafin bashin shekara.

Kowace cuta da maganinta, kuma a nan ne masu sayar da kaya suke rikita mutane. Na'urar kare bugun tsawa, wadda ake kira parafudur, aikinta shanye bugun farat ɗaya. Ana samun ta a jikin wasu ralonji masu kyau, ana kuma samun wadda ake kafawa kusa da kontar. A lura, ralonji mai jan makunni mai haske ba lallai ne tana da wannan kariya ba, sai an ga an rubuta, tare da lambar jul, kuma gwargwadon girman lambar gwargwadon juriyarta. Tana kuma tsufa, kowane bugu yana rage mata ƙarfi, don haka in fitilar kariyarta ta mutu sai a sauya ta ko da tana ba da wuta. Ba ta maganin raunin wuta, ba ta kuma maganin hauhawa mai daɗewa.

Regilatar, wanda ƴan'uwanmu na Najeriya ke kira sitabilaiza, shi ne ke ɗaga wuta in ta yi ƙasa, ya sauke ta in ta ɗan hau. A saye shi da ƙarfin da ya ninka cin na'urar, musamman ga firigo saboda fizgar tashi, kuma a sani cewa in wuta ta yi rauni sosai ba ya iya ba da dukan abin da aka rubuta a jikinsa. Ondilar kuwa batir ne a cikinsa, yana riƙe kwamfuta na ƴan mintoci don a adana aiki a kashe ta cikin natsuwa. Lambar da ke jikinsa ta VA ba wat ba ce, mai 650 bai wuce ya ɗauki wat 400 ba, saboda haka kada a jona masa fotokofi ko firigo. Batirinsa ma a zafin ƙasarmu ba ya cika wuce shekara biyu zuwa uku.

Wadda muke son mata masu firigo su fi riƙewa ita ce ƴar ƙaramar na'urar nan mai tsaron firigo da ake sawa tsakanin piriz da kan firigo. In wuta ta yi ƙasa ko ta yi sama fiye da kima sai ta yanke, in kuma aka maido da wuta sai ta jira minti uku zuwa biyar kafin ta saki. Wannan jira yana da dalili: iskar da ke cikin firigo tana buƙatar ta kwanta kafin injin ya sake tashi, kuma bugun farko na dawowar wuta zai wuce kafin nan. Kuɗinta a galibi bai kai kashi ɗaya cikin goma na kuɗin firigon ba. Ranar da za a sayi firigo, ranar ya kamata a saye ta, a ɗauka cikin kuɗin firigon take.

Duk waɗannan ba su cika aiki sai da wayar ƙasa, wato sandar ƙarfe da ake kafawa cikin ƙasa kamar mita ɗaya da rabi zuwa biyu, a haɗa ta da ramukan bango. Ita ce hanyar da muguwar wuta take bi ta tafi, maimakon ta bi ta cikin na'ura ko ta jikin yarinyar da ta buɗe firigo da jiƙaƙƙen hannu ba takalmi. Gidajenmu da yawa ba su da ita sam. Ƙasarmu ta jigawa kuma busasshiya ce, saboda haka sai an zaɓi wuri mai danshi, wani lokaci a kafa sanda fiye da ɗaya, mai aikin kuma ya auna ya tabbatar. A haɗa da dijontar mai kare rai, wanda aka rubuta masa 30 mA, shi ne ke yanke wuta nan take in ta soma bi ta jikin mutum.

Akwai kuma matakan da ba su cin ko dala. Da an ɗauke wuta a cire kan kwamfuta da fotokofi da firigo, a bar ƙwai ɗaya a kunne, in ta dawo a jira minti biyar a ga haskenta ya tsaya sannan a mayar da su ɗaya bayan ɗaya. In hadari ya haɗu ana walƙiya, a cire komai daga bango har da wayar eriya da ta kwanon tauraron ɗan'adam, domin tsawar da ta faɗo kusa babu na'urar da ke tare ta, kuma kashe makunni kaɗai bai wadatar ba. Kafin a rufe shago da dare a sauke dijontar, in akwai firigo a ware masa layinsa. A riƙa taɓa kan waya lokaci-lokaci: in ya yi zafi, ko ramin ya yi baƙi, ko ana jin ƙara kamar ana soya gyaɗa, ko fitila tana dusashewa duk lokacin da fotokofi ya tashi, to a kira mai gyara a ranar. A lokacin hunturu kuma a riƙa kakkaɓe ƙura a rufe na'urori da ƙyalle bayan an kashe su, domin ƙura tana toshe musu hanyar shan iska.

Masu janareta da masu faifan hasken rana su ma lissafin bai bar su ba, kowane inji da iyakarsa a rubuce. A tada janareta ya daidaita kafin a ɗora masa kaya, a sauke kayan kafin a kashe shi, kada a bari mai ya ƙare masa yana ɗauke da su. A sa makunnin sauya layi don kada wutarsa ta haɗu da ta NIGELEC, ko ta koma kan layi ta kashe ma'aikacin da ke bisa falwaya. A ajiye shi a waje saboda hayaƙinsa yana kisa, kuma a nisanta kwalaben mai daga wayoyi. In kuwa Allah Ya kawo tsautsayi wuta ta kama, a fara sauke dijontar, kada a watsa ruwa a kan waya mai rai, a yi amfani da rairayi ko tukunyar kashe gobara mai gari, a kuma kira lamba 18.

Bayan wannan, muna da kira ga hukumomi. Muna kira ga NIGELEC da ta riƙa sanar da jama'a lokutan yanke wuta ta gidajen rediyon gari da harshen da suke ji, ta kuma riƙa duba taransifomomin unguwannin da shaguna suka yawaita, domin wanda aka kafa don gidaje hamsin ba zai ɗauki ɗari biyu ba. Ta sauƙaƙa wa ƙananan ƴan kasuwa samun kontar nasu, wannan ne zai rage jan wuta daga maƙwabci. Hukumar ARSE, wadda aka kafa a 2015 don sa ido kan harkar makamashi, kare hakkin mai saye yana cikin aikinta, to ya kamata mai ƙanƙara a Gazawa ta san ƙofar da za ta buga da takardun da za ta riƙe in laifin layi ya ƙona mata firigo. Jami'an duwan da masu kula da ingancin kaya su sa ido kan wayoyi da ralonjin jabu kamar yadda ake sa ido kan jabun magani, domin dukansu suna kisa.

Ma'aikatun magajin gari na Agiye, Cadawa, Gazawa, Gangara, Gidan Rumji da Tsibiri suna karɓar kuɗin rumfa kowace ranar kasuwa. Ba zai yi yawa ba in aka ware wani abu daga ciki aka sa ƙwararre ya zagaya wayoyin kasuwa sau biyu a shekara, kafin bazara da kafin damina, aka kuma ajiye tukwanen kashe gobara da tarin rairayi a kowane layi. Muna da matasan da suka fito daga makarantar fasaha ta Ɗan Kasawa a Maraɗi da cibiyoyin koyon sana'a na garuruwanmu, a ba su wannan aiki, jama'a kuma su daina miƙa dukiyarsu ga duk wanda ya riƙe filaya ya ce ya iya. Sarakunan kasuwa da shugabannin ƙungiyoyin ƴan kasuwa su sa doka a tsakaninsu, duk wanda ya tsallake dijontar a tsawata masa, tunda ba kansa kaɗai ya jefa cikin haɗari ba.

Ga iyayenmu mata na ƙungiyoyin asusu, shawararmu ita ce duk wadda za ta ranci kuɗin firigo ko keken ɗinki na lantarki, a haɗa mata da kuɗin na'urar tsaro cikin bashin, kuma ƙungiya ta ɗauki mai gyara ɗaya amintacce ya zagaya gidajen membobi a biya shi a dunƙule. Asarar mace ɗaya asarar asusu ce gaba ɗaya, domin wadda firigonta ya ƙone da me za ta biya?

Alhaji mai shago, Hajiya mai ƙanƙara, kafin kasuwa mai zuwa a samu takarda da alƙalami, a juya bayan kowace na'ura a rubuta lambarta, a tara, a gwada da abin da ke rubuce a takardar kontar da bayan ralonji. In lissafi ya wuce, a rage tun yau. Allah Ya tsare mana dukiyoyinmu da rayukanmu, Ya sa albarka a kasuwa, amin.